Gawar Hezekiya a Bakin Shinge

SHAFI NA 14

Salama gare ku. Masu damuna da saƙo cewa "Baba ka bar mu a rataye," na ji ku. Tuwon gaggawa ba ya rasa gudaji. Wanda ya shigo yanzu ya zauna ya saurara, ga inda muka tsaya.

Hezekiya mai sayar da katako a kasuwar Laranto ta Jos ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Ya bar matarsa Magadaliya, da ƙanensa Dantong, da gona guda a ƙauyensu bayan duwatsu. A al'adar ƙauyen, gonar da mai ita yake kwance a cikinta ba a sayar da ita, matarsa ce za ta ci gaba da nomanta har ƙarshen ranta. Amma kabarin da aka haƙa ba ya kwana babu gawa. In rana ta faɗi yana buɗe, dattawa za su cika shi da duwatsu, ba a ƙara haƙa wani a wurin, gona kuma ta koma hannun ɗan'uwan mamaci.

Da safe aka haƙa kabarin, maza da fasto suka yi gaba suna jira a can. Da la'asar motar gawa ta baro coci, bas ɗin matan zumunta na biye da ita. Suna wuce Tina Junction kaɗan suka iske shinge.

*

Katako ne mai ƙusoshi a shimfiɗe tsakiyar titi, an ɗaura masa igiya. Masu kaki na tsaye a gefe da bindigogi. Babbansu, wanda suke kira Oga Ambrose, ya ɗaga hannu.

"Faka. Faka a gefe."

Direba ya leƙo ta taga.

"Oga, gawa ce fa."

"Na ga gawa ce. Na ce ka faka."

Waƙar da matan ke yi a cikin bas ta mutu, mai kaɗa tulu ta ɗora tafinta a bakinsa. Mama Fibi, shugabar zumuntar mata, ta sauko tana gyara ɗamararta. Gajeriyar mace ce, amma in ta yi magana a ƙofar coci ana ji har bakin titi.

"Yarona, lafiya?"

"Mama, an hana taro, an hana jerin gwano a hanyar nan. Ku juya."

"Wa ya hana?"

"Oda ce daga sama."

"Wace saman? Wadda Hezekiya ya tafi? In daga can ne ai da shi zai fara gaya mana."

Wasu mata suka rufe baki da gefen zane. Ambrose bai yi dariya ba.

"Mama, ban zo wasa ba."

"Mu ma ba shinkafar biki muka ɗauko ba."

Ƙofar gaban motar gawa ta buɗe, Nkechinyere ta fito. Iyayenta mutanen kudu ne, amma a unguwar Kwararafa aka haife ta, a bayan Magadaliya ta yi wayo, a ɗakinta ta ci tuwon acca har ta girma. Yanzu lauya ce. Ta taka a hankali har gaban Ambrose.

"Ina wuni, oga. Sunana Barista Nkechinyere. Mai gawar nan babana ne."

Ambrose ya kalle ta sama da ƙasa.

"Babanki?"

"Wanda ya riƙe ka shi ne babanka. Oga, dokar hana fita an janye ta tun makon jiya. A rediyo aka faɗa, kowa ya ji. Wannan kuma wace ce?"

"Sabuwa ce."

"Yaushe aka yi ta?"

"Yau."

"Wa ya yi ta? A ina aka sanar?"

"Madam, ni ba kotu ba ne."

"Na sani. Shi ya sa nake tambayarka a nan, tun kafin mu haɗu a can."

Ba ta rufe baki ba sai ga hon na tashi daga baya, fam, fam, fam. Motocin biki ne a jere, an yi musu ado da ƙyallaye, samari sun fito da kawunansu ta taga suna ihu. Wani kofur ya ja igiya, katako ya matsa, suka wuce fuu, amarya har da ɗaga musu hannu. Motar kabeji ta bi bayansu, ita ma ta wuce. Kofur ya mayar da katako.

Mama Fibi ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ikon Allah! Masu rai da ihu da kiɗa sun wuce. Wanda aka ɗaure wa haɓa shi ne zai tayar da rikici a Jos."

"Su ba su cikin odar."

Nkechinyere ta ce, "To wa ke ciki?"

Ambrose ya kawar da kai.

"Oga, wa ke cikin odar?"

"Ku."

"Mu kaɗai?"

"Abin da aka gaya mini ke nan."

"To ka ji da kunnenka abin da ka faɗa. Oga, ban zo in raina kakinka ba. Lokacin da gari ya rikice aka ce kowa ya zauna a gida, na zauna. Mama Fibi ta zauna. Shi kansa mai gawar nan ya rufe shagonsa, katakonsa ya sha ruwan sama, bai ce uffan ba. Tsarin mulkin ƙasa ya yarda gwamnati ta taƙaita fita da taro in rayukan mutane na cikin haɗari. Amma sai da doka, dokar da aka yi a fili, wadda ta hau kan kowa, kuma iya gwargwadon haɗarin. Abin da aka raɗa maka a waya domin mota ɗaya ba doka ba ce."

"Ki je kotu ki faɗa musu."

"Yau Asabar ce."

"To ki jira Litinin."

"Gawa ba ta jiran Litinin."

Ku ji nan, masu karatu, musamman ku samarin da ke cewa gwamnati in ta ga dama ta yi kome. Kogi kome cikarsa yana da gaɓa. Muddin yana cikin gaɓarsa, a sha, a yi wanka, a ba shuka. Ranar da ya tsallake ta sunansa ya canja, ya koma ambaliya, kuma ambaliya ba ta tambayar gidan wa ta shiga.

Wayar Mama Fibi ta yi ƙara a cikin ɗamara. Ta ciro ta kara a kunne, ta yi ta cewa "to, to," fuskarta na canjawa. Da ta kashe sai ta jawo Nkechinyere gefe.

"Fasto ne daga ƙauye. Ya ce dattawa sun zauna a bakin ramin. Samari sun fara tara duwatsu."

Su biyun suka ɗaga kai. Rana ta riga ta karkata, inuwar bas ta tsallake titi.

"Ke 'yar nan, littafin naku ba zai ɗage katakon nan ba?"

Nkechinyere ta rage murya.

"Mama, gaskiya tana hannunmu, bindiga tana hannunsu. In na je kotu zan ci nasara, amma a lokacin an riga an cika ramin."

"To amfanin littafin me ke nan?"

"Amfaninsa shi ne mutumin nan ya san ranar tambaya tana zuwa. Ki dubi hannunsa, sai shafa aljihu yake yi. Ya fi mu tsoro."

Nan wata ƙaramar mota ta tsaya a bayan bas. Dantong ya fito cikin baƙar riga, da hankici a hannu yana goge idon da babu hawaye a cikinsa. Ungulu ba ta jewar banza.

"Me ya faru? Me ya faru kuma, jama'a? Shugaba, me ya sa kuka tsaya?"

"Tambayi mai shinge."

Dantong ya je ya ɗan rusuna wa Ambrose, suka yi ƙus-ƙus, ya dawo yana girgiza kai.

"Kai, abin bai yi daɗi ba. Ya ce rahoton tsaro ne. Mu ba za mu yi faɗa da hukuma ba. Mu Kiristoci ne, an ce mu yi biyayya ga masu mulki."

Mama Fibi ta ce, "Yau kuma wa'azi kake yi? Kai da ba a ganinka a coci sai ranar da aka yanka akuya?"

"Shugaba, ba lokacin wannan ba ne. Yayana ne ke kwance a motar nan, ni na fi kowa jin zafi. Tun da hanya ta ƙi, mu juya mu kai shi maƙabartar cikin gari. Ƙasa duk ta Allah ce."

Nkechinyere ta ce, "Ankul, Baba ya faɗa da bakinsa a gonarsa za a sa shi."

"Ke yi mini shiru. Maganar gidanmu ce, ke baƙuwa ce."

"Baƙuwar da ta kwana da shi a asibiti."

"Na ce ki yi shiru! Shugaba, ki duba rana. Ko yanzu aka buɗe hanya da ƙyar ku isa. Mu juya, kada gawa ta wulaƙanta a titi."

"In mun juya wa zai haƙa mana rami a gari da yamman nan? Ƙasar can dutse ce, ka sani."

"Wannan kada ya dame ki. Rami na nan a shirye, tun da safe aka gama."

Kowa ya juyo ya kalle shi. Har mai sayar da gasasshiyar masara a bakin titi ta daina fifita wuta.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Mama Fibi ta matso kusa da shi, taku ɗaya, taku biyu.

"Tun yaushe ka ce?"

"Ina nufin... wato..."

"Tun da safe. Dantong, da safe muna coci. Da safe babu wanda ya san za a tare mu. Kai wa ya gaya maka?"

"Tanadi ne kawai. Mutum yana yin tanadi."

"Tanadin kabari? Kamar buhun masara?"

"Ba ki gane ba ne."

"Na gane sarai. Kai ka ce a yi jana'iza ranar Asabar. Kai ka ce maza duk su yi gaba su jira a ƙauye, a bar mata da gawa. Muka ce kai, Dantong ya yi hankali, mutuwar yayansa ta gyara shi. Ashe masu haƙar kuzan nan da ake ganinka da su a bakin gonar ba gaisuwar mutuwa suke zuwa yi ba."

"Sharri ne! Wallahi sharri ne!"

Ya juya wajen masu kaki.

"Oga, kana ji suna mini ƙazafi? Ka kore su mana! Ka sa direban nan ya juya!"

Ambrose ya tsuke fuska, gumi na bin gefen hularsa duk da sanyin yamma.

"Malam Dantong, kai ka ce mini mata ne kawai, ana ɗaga musu hannu za su juya. Ba ka ce akwai lauya ba."

Wata mata a bayan bas ta ce, "Yesu!"

Nkechinyere ta juyo a hankali.

"Oga, ashe ka san sunansa."

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ɗazu ka ce daga sama odar ta zo."

"Daga sama ta zo! Ogana ne ya kira ni. Ya ce ɗan'uwan mamaci ya kai rahoto cewa samari za su fake da jana'iza su tayar da fitina a hanya. Ya ce in tsayar da gawar. Ni aikina ke nan."

"Ina samarin?"

Ambrose ya kalli bas. Mata ne cikin zanen zumunta iri ɗaya, mafi yawansu da furfura, wata da sandar dogarawa, wata da tulu a cinya.

Mama Fibi ta ce, "Ga su nan. Waccan mai ciwon gwiwar ita ce kwamanda."

Sannan ta koma kan Dantong. Wannan karon ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsawa ciwo.

"Dantong, a ƙauye ɗaya aka haife mu da kai. Na san uwarka, na san abin da ta koya maka. Ka haƙa wa mutum ɗaya rami biyu."

"To sai me?"

"Sai me? Gawa ɗaya ce. Dole rami ɗaya ya kwana da yunwa. Ka manta abin da tsofaffinmu ke cewa? Ramin da ya kwana a buɗe, wanda ya sa aka haƙa shi yake kira."

Hankicin ya faɗi daga hannun Dantong. Mama Fibi ta ci gaba.

"Ni na bi Yesu, ba na tsoron rami. Amma kai na san ka. Ko mujiya ta yi kuka a kan rufinka sai ka tafi wurin mai duba. Na gona in ya rage a buɗe, dattawa za su toshe shi da duwatsu, su yi abin da suka gada, magana ta mutu. Na cikin gari fa? Wane dattijo ne zai biyo ka maƙabartar gwamnati ya toshe maka?"

"Shi za a sa a ciki. Ai shi za a sa."

"In ba a sa shi ba fa?"

Dantong ya ja da baya. Ya kalli motar gawa, ya kalli rana, ya kalli katako. Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Shi nasa da ma'auni aka gina, daidai tsawon mutum.

Ya ruga ya kama hannun Ambrose.

"Oga, kada ka bar su su wuce! Don girman Allah kada ka bar su! Yanzu ba maganar gona ba ce!"

Ambrose ya fizge hannunsa.

"Sake ni, malam!"

Nkechinyere ta ce, "Oga Ambrose, saurare ni. Ka ji dalilin odar da kunnenka. Ba tsaron gari ba ne, gona ce. Ikon da aka ba gwamnati domin ta kare rayuka, an aro shi domin a ƙwace wa gwauruwa abincinta. Ranar da alƙali zai yi tambaya, ogan naka zai ce bai san zancen ba. Babu inda ya sa hannu, babu wanda ya ji shi. Kai mutane suka gani a titi. Sunanka ne a ƙirjinka."

"In na buɗe kuma kakina ya tafi. Ina da yara a makaranta, madam."

"To kira shi. Ka sa kowa ya ji. In doka ce, ya faɗi sunanta, ni da kaina zan ce wa direba ya juya."

Ambrose ya shafa aljihunsa. Ya ciro waya ya danna. Ta yi ta ringin har ta katse. Ya sake dannawa, ta sake katsewa. Masu keke da masu talla sun fara taruwa a gefen titi, wasu sun ɗaga wayoyinsu sama. Kofur ɗin nan mai jan igiya ya gyara riƙon bindigarsa, idonsa na yawo a kan taron.

Rana ta taɓa kan duwatsu.

Sai ƙofar bayan motar gawa ta buɗe.

Magadaliya ce. Tun daga coci take zaune kusa da akwatin, kanta a lulluɓe da baƙin mayafi. A al'adarsu matar mamaci ba ta buɗe fuska, ba ta magana a gaban jama'a sai an rufe mijinta. Ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar, ta yaye mayafin.

Mama Fibi ta yi saurin tararta.

"Magadaliya, koma! Ba a yi!"

"Fibi, abubuwa da yawa da ba a yi an yi su yau."

Muryarta a dushe take, amma kowa ya ji.

Ta dubi ƙanen mijinta.

"Dantong, da ka zo ka ce mini yunwa kake ji, da na raba gonar biyu na ba ka rabi. Yayanka ma haka zai yi."

Dantong ya sunkuyar da kai.

Ta juya wajen matan.

"Ku sauko mini da mijina."

Nkechinyere ta riƙe hannunta.

"Mama, ki tsaya. Mutanen nan a tsorace suke, mai tsoro da bindiga ba a yi masa gaggawa."

"Nkechi, kin ce dokar ƙasa ta ba ni hanya?"

"Ta ba ki."

"Kin tabbata, ko lallashina kike yi?"

"Na tabbata, Mama. Amma..."

"To hanyar da aka ba ni zan bi. In mun tsallake katakon nan Allah zai kawo motar dankali ta ɗauke mu."

Wata tsohuwa ta ce, "Mata ba sa ɗaukar gawa fa."

Mama Fibi ta ƙara tamke ɗamararta.

"An kwashe mazan an kai ƙauye. Wanda ya rage kuma ga shi nan kun gan shi. Ku kama!"

Suka jawo akwatin. Hezekiya mutum ne mai jiki, akwatin kuma da katakonsa mai kyau aka yi, sai da suka yi nishi kafin ya hau kafaɗu. Mai tulu ta fara kaɗawa a hankali, dum, dum, dum. Wata ta ɗauko waƙar bankwana, sauran suka amsa.

Magadaliya ta shiga gaba. Nkechinyere ta cire takalmanta masu tsini ta jefa cikin mota, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita.

Ambrose ya sha gabansu, ya tsaya a bakin katako.

"Ku tsaya nan! Mama, ku tsaya! Ina gargaɗinku!"

Ba su tsaya ba. Taku kaɗan-kaɗan suke yi saboda nauyi.

Dantong ya faɗa kan akwatin ta baya, ya rungume ƙarshensa yana ja.

"Ba za ku tafi da shi ba! In kun tafi da shi wa zai kwanta a wancan? Wa zai kwanta?"

Akwatin ya karkata, mata suka yi ihu, Mama Fibi ta tokare akwatin da kai.

"Sake shi, la'ananne! Za ka kayar da yayanka a kwalta?"

Daidai nan wayar Ambrose ta yi ƙara. Ya duba, ya ce, "Oga ne." Ya danna ta yadda kowa zai ji.

Wata murya mai kauri ta fito.

"Ambrose, sun juya?"

"Ba su juya ba, oga. Sun ɗauko gawar a ka. Mata ne, oga, tsofaffi. Babu samari. Akwai lauya a nan, tana tambayar wace doka ce."

"Kai lauya ke ba ka oda ko ni?"

"Kai ne, oga. Amma mutane sun taru, suna ɗauka a waya."



"In suka taka shingen nan, ka san abin da za ka yi."

"Ban sani ba, oga. Ka faɗa mini da bakinka. Me zan yi?"

Shiru.

"Oga? Me zan yi musu?"

Ƙit. Waya ta katse.

Ambrose ya tsaya yana kallon wayar kamar ta cije shi. Kan akwatin ya iso dab da shingen. Magadaliya na gabansa, numfashinta na taɓa maɓallan rigarsa.

"Ɗana, ka ji. Ya bar ka kai kaɗai."

"Mama..."

"Ko ka matsa, ko ka kama mana. Yana da nauyi."

Ambrose ya dubi fuskarta. Ya ɗaga hannu a hankali ya cire hularsa. Ya ja ƙafa ɗaya baya, ya kauce daga bakin katakon.

Magadaliya ta ɗaga ƙafarta ta tsallake ƙusoshin.

Ƙaras-ƙaras!

Ƙarar ɗana bindiga ce, daga bayan Ambrose. Tulu ya yi shiru. Waƙa ta yanke a tsakiya.

Kofur ne. Ya ɗaga bindigar har kafaɗa, bakinta na kallon Magadaliya, idonsa jawur, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Babban oga ya ce kada su taka! Na ji da kunnena! Ni ba zan rasa aikina ba!"

Ambrose ya juya, ya ba akwatin baya, ya ware hannuwansa biyu a gaban Magadaliya.

"Kofur, sauke ta."

"Matsa, oga!"

"Na ce sauke ta. Ba shi ne a nan ba, ni ne a nan. In harbi za ka yi, da ni za ka fara."

Bakin bindigar ya tashi daga kan Magadaliya ya koma kan ƙirjin Ambrose.

Yatsan kofur bai bar kan kunamar bindigar ba.